Ƙwayoyin da Na Ba Kawu Liman

Ni ba yunwa ce ta kai ni ga sata ba, kada wani ya yi mini wannan uzuri. Na tashi a Shagari cikin rufin asiri, a gidan kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya ɗauke ni tun ina ɗan shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina. Shi ne limamin masallacin unguwarmu. Kowa Liman yake ce masa, ni kuwa Kawu. Shi ya koya mini alwala, shi ya sa ni boko a lokacin da maƙwabta ke yi masa surutu, matarsa Inna Kulu kuma ba ta taɓa bambanta kwanona da na 'ya'yanta ba. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, don haka na bar shi. Abin da na aikata nake so ku sani.

Da na gama makaranta aka ba ni ɗan horo a Sakkwato, aka tura ni wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Bodinga. Aikina bai wuce in karanta abin da babban ma'aikaci ya rubuta a kati, in ƙirga ƙwaya, in naɗe a takarda, in miƙa ta taga ba. Amma ina da farar riga, mutanen ƙauye kuwa duk mai farar riga Dakta ne a wurinsu. Ranar da wata tsohuwa ta fara durƙusawa ta ce mini, "Dakta, ina kwana," sai na ji kaina ya kumbura. Ban gyara mata ba. Daga nan lalacewata ta fara, tun ban taɓa ƙwayar kowa ba.

Ina cikin shekarata ta biyu a wurin, sai farar hula suka karɓi mulki. Ku ba ku ga wannan zamani ba. Kwangila ta ko'ina, shinkafar waje buhu-buhu, mutumin da jiya yake sayar da albasa a bakin hanya yau sai ka gan shi a mota. Mutane suka yi ƙiba, kuma a lokacin ƙiba ado ce, ana cewa wane ya samu lafiya. Sai wata rana wata Hajiya, matar wani ɗan kwangila, ta tsaya a tagata bayan layi ya watse. Ta ce hawa mota ma wuya yake yi mata, kuma ta ji matan manya a birni suna shan wata ƙwaya da likita ke rubutawa, mai rage teɓa ba tare da an yanka mutum ba. Ta ce, "Dakta, kai ai ba ka rasa ta."

Wallahi ko a mafarki ban taɓa ganin wannan ƙwaya ba. Amma yaya Dakta zai ce bai sani ba? A sitonmu akwai wata 'yar farar ƙwaya da ake ba masu ciwon zuciya waɗanda ƙafafunsu suka kumbura, tana sa su fitsari har kumburin ya saɓe. Na san duk wanda ya sha ta zai ji jikinsa ya yi sakayau cikin 'yan kwanaki. Na kuma san ruwa ne ke fita, ba kitse ba. Na ɗebi kaɗan na naɗe mata. Bayan mako guda ta dawo tana juya zobe a yatsanta, tana cewa in duba yadda ya yi mata yawa. Ta kawo mini yadin shadda, ta kuma kai labarina gidajen biki.

Daga baya na ƙara da ƙwayar da direbobin manyan motoci ke saye a tasha don hana barci, saboda na lura tana kashe yunwa. Na haɗa biyun, fara da ja, na sa musu suna maganin Ingila. Mutum ya sha, ya kasa cin tuwo, ya yini yana zagayawa bayan gida, ya zo yana sa mini albarka. Ita farar kuwa daga sito nake kwasarta, kwali-kwali. Masu ciwon zuciya na gaskiya in sun zo sai in ce musu babu, sai wani mako. Akwai wani dattijo daga wajen Sifawa da ya zo a kan jaki har sau uku, ƙafafunsa kamar turmi, numfashi da ƙyar. Sau uku ina ce masa babu, alhali maganinsa yana cikin aljihun farar rigata. Bai zo na huɗu ba, ni kuma ban tambaya ba.

Sai duniya ta juya. Kaya suka yi tsada, albashi ya daina zuwa kan kari, sabulu da madara sai an yi layi, magani ya ɓace a asibitoci. Ana cikin haka soja suka ƙwace mulki, suka shiga kamen 'yan siyasa da 'yan kwangila. Na ɗauka kasuwata ta mutu, ashe lokacin ta buɗe. Teɓar da jiya ake taƙama da ita ta koma abin ɓoyo. Wani tsohon kansila ya same ni har gida, ya kama tumbinsa da hannu biyu ya ce, "Dakta, don Allah rage mani cikin ga kahin sojoji su gane shi." Na yi dariya har da hawaye, na naɗe masa. A lokacin ina da sabon babur, ina ganin duk ƙasar Bodinga babu mai wayona.

Yanzu bari in zo kan Kawu, don dominsa nake wannan rubutu.

Kawu mutum ne mai jiki tun asali, limanci kuma ya ƙara masa. Duk gidan da aka yi suna sai an aiko masa da cinyar rago, duk ɗaurin aure sai an ajiye masa akushi, shi kuma ba ya iya mayar da kwano don kada mai gida ya ji an raina shi. Ga fura da nono safe da yamma. A hankali gwiwoyinsa suka gaza. Ya zamana in ya yi ruku'u sai an kama shi, sujada kuwa ta gagara sam. A wurinmu kuwa mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa, shi da kansa ya karantar da mu haka. Don haka ya miƙa wa na'ibinsa limanci, ya koma ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe, yana nuni da kai. Mutumin da ya fi shekara ashirin a gaba. Inna Kulu ta ce in ya dawo daga masallaci ba ya magana da kowa sai can an jima.

Babban ɗansa ya kai shi wurin wani likita a Sakkwato, likita na gaske. Ya auna shi, ya ce yana da hawan jini, sukari ma ya fara taɓa shi. Ya rubuta masa ainihin ƙwayar rage ƙiba, ɗan kaɗan, na 'yan watanni kawai, da sharaɗin ya riƙa zuwa duk wata ana duba jininsa da nauyinsa. Ya hana shi fura mai sukari, ya ce ya riƙa takawa bayan asuba. Kawu ya bi umarnin likita wata biyu, ya ɗan ragu, amma ba yadda yake so ba. Sai maganin ya yanke a kanti da asibiti kamar sauran kaya, ga azumi saura kwana kaɗan.

Ran wata Juma'a na je gida a kan babur ɗina, ya kira ni zaure. Ya ce, "An ce mani kana da maganin teɓa wanda yaf fi na asibiti. Haka na?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ana dai dacewa, Kawu."

Ya ce, "Ba don kyawo ba, ɗana, mi tsoho za ya yi da kyawo? So nikai in sa goshina ƙasa cikin azumin ga, in ja mutane salla kamar da, ko sau guda. In Allah ya ba ni wanga, ya gama mani komi."

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe, samari. Da na ce, Kawu, ƙarya nake yi wa mutane, maganin fitsari ne, da iyakarta ya yi mini faɗa, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Amma yadda yake kallona, kamar wahalar da ya sha a kaina ta biya, shi na kasa zubarwa. Ya miƙo mini katin likitan. Na iya Turancin da zan karanta, kuma na karanta: hawan jini, sukari, da gargaɗin kada ya sha komai da azumi sai ya koma an duba shi. Na ninke katin na mayar masa na ce, "Likitocin birni jan rai gare su, Kawu." Na ciro ƙunshi daga aljihu, na rubuta a jiki da hannuna, sau uku a rana.

Ya ce, "To, da azumi hwa? Ba ni iya haɗiyar komi da rana."

Na ce, "Sai ka haɗa duka ukun ka sha da sahur."

Ko tunani ban yi ba kafin in faɗi wannan magana. Ta fito ne kawai, don kada a ga Dakta ya yi jim. Ko kwabo ban karɓa ba, ya kuwa yi ta sa mini albarka har na tayar da babur.

Azumin shekarar ya faɗo cikin tsananin zafi, ruwan sama ya yi jinkiri, ko mai lafiya in azahar ta yi sai ya nemi gindin bishiyar bedi ya kwanta. A cikin wannan zafi Kawu yake shan ƙwayar da ke tatse ruwan jiki, ninki uku a lokaci guda, sannan ya kama baki har faɗuwar rana. Kwana bakwai aka aiko mini da albishir wai kumburin ƙafarsa ya saɓe, ya yi sujada a ɗaki.

Ran tara ga wata na je. Ya tarye ni da murna, ya tashi tsaye ba wanda ya kama shi, ya ce in duba. Na duba. Leɓunansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, hannunsa yana rawa a kan tasbaha. Ya ce ba ya samun barci, ƙirjinsa yana bugawa, jijiyoyin ƙafarsa suna ɗaurewa, in ya miƙe kuma sai ya ga duhu. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai ba da labarin ƙaramar mura. Gabana ya faɗi, don na san abin da nake gani.

Da zan fita Inna Kulu ta tare ni a bakin madafa, ta rage murya ta ce, "Ɗana, ni dai jikin Malam bai yi mani ba. Ko kunu ba shi sha da buɗa-baki. Ka tabbata maganin ga lahiya shikai?"

Na murje idona na ce, "Kitse ne ke narkewa, Inna. Haka yake yi."

Ta dube ni ta ce, "To, kai ka sani."

Na sani kuwa. Na san in na ce ya daina, zai tambayi dalili, dalilin kuma shi ne ni ɓarawo ne maƙaryaci. Na ce a raina mako mai zuwa zan rage masa a hankali ba tare da kowa ya gane ba. Har na ƙara ajiye masa wani ƙunshi don kada na farko ya ƙare. Tir da ni. Na auna ran mutumin da ya raine ni da sunan Dakta, na zaɓi sunan.

Ran goma sha uku ga azumi Kawu ya ce wa na'ibi yau shi zai ja la'asar. Aka ce masallaci ya cika, har waɗanda ba 'yan unguwa ba sun zo. Ya yi raka'ar farko lafiya. A ta biyu, da ya ɗago daga sujada zai miƙe, sai ya kife. Aka ɗauke shi zuwa gida, kafin a sha ruwa ya cika. Ni ina bakin tagata ina naɗe wa wata mata ƙwaya wani direban motar haya ya leƙo ya ce mini in yi haƙuri, Liman ya rasu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman makoki. Babu wanda ya zarge ni. Mutane sai cewa suke, kai, wane ya yi kyakkyawan ƙarshe, ga azumi a baki, ga shi a gaban sahu. Dattawa suna kama hannuna suna cewa Allah ya yi mini albarka, ni na mayar da Liman wurinsa. Ran sadakar uku wasu mutum biyu suka ja ni bayan masallaci, suka ce suna son irin wanda na ba marigayi. Na sayar musu. Ku sake karanta wannan, samari, don ku san inda mutum ke iya kaiwa. Ƙasar kabarin Kawu ba ta bushe ba, na sa hannu a aljihu na sayar musu.

Inna Kulu ba ta tayar mini da zancen maganin ba duk tsawon takabarta. In na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice. Ranar da ta fita takaba, matar da ko kasuwa ba ta zuwa, ta sa ɗanta ya kai ta Sakkwato wurin likitan nan, da katin, da sauran ƙwayoyin a cikin takardar da na rubuta da hannuna. Aka ce da likitan ya buɗe ƙunshin sai ya dafe kai ya yi ta salati. Bayan kwana huɗu 'yan sanda suka zo asibitinmu. Aka buɗe sito aka tarar da kwalaye babu komai a ciki. A gaban masu jiran magani aka tuɓe mini farar riga, aka sa mini ankwa.

Alƙali ya ɗaure ni shekara bakwai saboda satar maganin gwamnati da yin sojan gona. Maganar Kawu ba ta shiga shari'a ba, tunda an riga an rufe shi, ba wanda ya duba gawa. Wato an hukunta ni a kan kwalaye, ba a kan rai ba. Na so a ce an tambaye ni, ko na samu in faɗa da bakina.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Yunwa ce, da ƙazuwa, da kwarkwata, da kwana a gefe guda don babu wurin juyawa. Duk wannan jiki ke ji, kuma jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba azumi ne. Duk shekara in la'asar ta yi, maƙogwarona ya bushe, sai in tuna ni ruwan jikina yana nan, shi kuwa na tatse nasa tun da asuba. 'Yan ɗakinmu da suka ji ina da karatu suka ce in riƙa ja musu salla. Na ƙi. Suka ɗauka tawali'u ne. Ina cikin shekara ta huɗu aka aiko mini mahaifiyata ta rasu. Tun da aka kama ni ba ta zo ba, ba ta aiko ba, kuma ban ga laifinta ba, ɗan'uwanta na kashe.

Da aka sake ni ban tsaya ko'ina ba sai Shagari. Na rame har yaran gidan ba su gane ni ba. Na tarar da Inna Kulu a tsakar gida tana tsince wake, ta tsufa ƙwarai. Na zube a gabanta na faɗi komai, tun daga Hajiya har bayan masallaci, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta dakata da tsintar waken. Sannan ta ce, "Da anka kawo shi gida, hankalinai ya dawo kaɗan. Na kawo ruwa, yac ce saura ƙiris a sha, a bar shi ya cika azuminai. Sannan yac ce in matso. Yac ce, Kulu, maganin yaron ga ba na kirki ba na, na gane tun kwana ukku. Ki zubar da shi a masai, kada ki hwaɗa ma kowa, kada a ɓata mai suna."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ya sani, Inna?"

Ta ce, "Ya sani. Kunyarka yaj ji, kada ya daina sha ka ga kamar bai yarda da kai ba. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa saɓa maganatai ba, sai wagga ta ƙarshe, don na ga kana ta sayar ma mutane. Wanga nauyi ma kai kaɗ ɗora mani." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Nawa haƙƙi na yahe, don ni ma ina son Allah shi yahe mani. Nashi kuwa ba ni da iko da shi. Tashi ka tahi, kahin 'yan'uwanka su dawo daga gona."

Yau ina zaune a wani gari da ba a san ni ba, ina dako a kasuwar hatsi. Na tuba, kullum cikin tuba nake, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na samu natsuwa ba. Ban samu ba.

Don haka ku ji ni, samari. In aka kira ku da sunan da ba naku ba, ku gyara tun a ranar farko, kafin ya yi muku daɗi. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ban sani ba, ba a taɓa ɗaure kowa a kan wannan ba. Kada ku taɓa abin da aka ba ku amana, ko ƙwaya ɗaya ce, don akwai mai ita yana tafe a hanya. Maganin ƙiba da kowane irin magani aikin likita ne da ya auna mutum ya san cutarsa, ba na mai naɗewa a takarda ba. In kuwa kun riga kun yi ƙaryar, ku warware ta yau, tun wanda kuka yi wa yana numfashi, ko da za a tsine muku a tsakar kasuwa.

Ni na makara. Ranar da Inna Kulu ta sallame ni na wuce maƙabarta don in roƙi Kawu gafara ko daga bakin kabari ne. Kaburbura sun yi yawa, duk iri ɗaya. Na tambayi mutum uku 'yan unguwarmu wanne ne nasa, kowanne ya dube ni ya wuce. Na tsaya a wurin har rana ta yi zafi, sannan na kama hanyar tasha.